Amsar Mama a kan Ayuba 5:17

Salama a gare ku 'yan'uwa. Ku yi haƙuri, murya zan yi, idona ba ya son rubutun waya da dare.

'Yata, na ji saƙonki. Kin ce bayan ɓarin da kika yi wata ta turo miki Ayuba 5:17, inda aka ce mai albarka ne wanda Allah ya tsauta wa, kada a raina horon Mai Iko Dukka, kina so a bayyana miki. Ni na san ba ma'anar aya ce ta hana ki barci ba. Kina tambaya ne ko wani laifi kika yi. To shi zan amsa.

Ɗauko Littafinki, ki koma farkon sura 4, ki ga wa ke magana. Elifaz ne, mutumin Teman, ɗaya daga abokan Ayuba uku. Sai ki tsallaka sura 42 aya 7. Allah da kansa ya ce wa wannan Elifaz ɗin ya husata da shi da abokansa biyu, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba kamar yadda bawansa Ayuba ya yi. Sai da suka kawo bijimai 7 da raguna 7, Ayuban da suka yi ta tuhuma shi ya yi musu addu'a. Wadda ta turo miki ayar, ta karanta har nan kuwa?

Kada a ce Mama ta ce babu horo fa. Akwai, yana nan a Ibraniyawa 12, yana Karin Magana 3. Bulus ma ya ɗauko maganar Elifaz ta 5:13 ya sa a 1 Korantiyawa 3:19. Maganin mai kyau ne, amma ba na ciwon Ayuba ba ne, tunda tun sura 1 Allah ya shaide shi, ya ce ba kamarsa a duniya. Kuma ki ga inda abin ya kai Elifaz. A sura 22 har ƙage ya shiga yi, wai Ayuba ya hana mai ƙishi ruwa, ya kori matan da mazansu suka mutu hannu wofi. Yaushe ya gani? In mutum ya riga ya yanke cewa duk wahala sakamakon zunubi ce, dole ya nemo zunubin, in bai samu ba ya ƙirƙiro.

Ni an yi mini. Da ɗana ya rasu, kwana uku ke nan, takalmansa na nan bakin ƙofa ban iya ɗaukewa ba, wata 'yar zumuntarmu ta zo ta zauna kan tabarma, ta buɗe Littafi a cinya, ta ce in binciki zuciyata. A gaban mata. Kunun da aka ajiye mini har ya yi sanyi ban taɓa ba. Shekaru na yi ina binciken nan. Ko zakkar da na fasa bayarwa ce da damina, ko maganar da na mayar wa uwar mijina. Yaro zazzaɓi ya kashe shi, muna nesa da asibiti, amma na ɗora wa kaina. Na yafe wa 'yar zumuntar nan, Allah ya sani, ta ma riga mu gidan gaskiya. Sai dai har yau in aka rera waƙar da aka yi ran nan, muryarta nake ji. Maƙwabciyata kuwa, Musulma ce, ta zo ta share tsakar gida, ta ɗora tukunya, ta ce Allah ya ba da haƙuri, shi ke nan. Abokan Ayuba ma kwana 7 na farko haka suka yi, suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan.

Kai, na yi nisa. Ina nake? Yawwa, adalcin Allah. A Luka 13 Yesu ya kawo zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kuna tsammani sun fi sauran mutanen Urushalima laifi? Ya ce a'a. Eh, ya ƙara da cewa a tuba, kada wani ya ce na yanke aya. Amma masu tsaye suna ba da labari ya faɗa wa, su ya ce su tuba.

Dalilin abin da ya same ki kuwa, ban da shi, wadda ta turo ayar ma ba ta da shi. Ayuba kansa, Allah ya yi masa magana daga sura 38 har 41, bai gaya masa dalili ba. Zancen ninka masa dukiya da ake yawan kawowa, 'ya'ya 10 fa ya binne... bari dai, wannan sai wata rana.

Ki koma asibiti a sake duba ki, kada ki ce kunya. Ki ci abinci ko ba kya so. Ranar Alhamis in mun tashi daga zumunta zan biyo ta gidanki, ki ce wa maigidan ya jira ni, shi ma ina da magana da shi.