Amsa ga ƙanwarmu mai gato yana ƙonewa a ƙasa

Salamu alaikum ƴan'uwa, ina kwananku, ya gida ya yara. Tun jiya da dare na ga tambayar ƙanwarmu da ta ce ba ta da fur, wato na'urar gashi, cikin tukunya take gasa gato amma kullum ƙasa ya ƙone tsakiya ɗanye, ga yara biyu ƙanana ga girkin gida, har maigida ya fara cewa ta bar ɓarnar ƙwai haka nan. Na so in amsa a take amma autana ya hana, haƙori yake hiddawa, sai yanzu na samu ya yi barci. Ku yi haƙuri zai yi tsawo, ni dai ban iya gajeruwar magana ba.

Ƙanwata wallahi ba rashin fur ke damunki ba. Ni shekarata 9 ina gato nan Tawa, kuma fur ɗin kuran da baban yara ya sawo mini daga Ƙonni yana can saman armuwar lulluɓe da tsohon zane, tun 2023 da anka rufe iyaka kuran ya yi wuya na koma ma tukunyata, har yau ban cika waiwayarshi ba. Wadda ta taɓa zuba gato uku na suna cikin fur, minti 10 kuran ya tahi, ita ta san abin da nike nufi. Wutarki ce ba ki gane ba tukuna, sannan ina jin lokacin da kike zaɓa ma bai dace da gidanki ba.

Bari in fara da tukunya. Ki samu tukunyar dalma mai kauri wadda marfinta ke zama daram, ki ware ta don wanga aiki kaɗai, kar ki ƙara miya ciki. Rairai za ki ɗebo mai tsabta, ki tankaɗe ki wanke ki shanya ya bushe ƙarau, in da sauran danshi gatonki zai yi warin ƙasa kuma tururi zai jiƙa samanshi. Ki zuba kaurin yatsa uku a kwance. To ga inda mata da yawa ke kuskure, sai su ɗora mul ɗin, wato kwanon da ake gasa gato ciki, kai tsaye bisa rairai, wasu ma har su ɗan nutsa shi ciki wai don ya nuna da sauri, shi ya sa ƙasa ke komawa gawayi kafin zafi ya kai tsakiya. Ni gwangwanin tumatir ƙanana uku nike jerawa bisa rairan kamar murhu, in ɗora mul a kansu, iska mai zafi ta zagaya ko'ina. Kuma sai tukunyar ta yi minti 15 rufe a wuta kafin ki sa komi ciki, ki kai tafin hannunki bakin tukunya ba tare da kin taɓa ba, in kin kasa ƙirga biyar to ta yi.

Sannan wutar kanta. In furno da gawayi kike, na ƙasa kaɗan ya isa, wanda ya gama ruruwa ya yi toka-toka, mai yawan ki kwashe shi ki baza bisa marfi, can gefe-gefe ba ki tara shi tsakiya ba. Gato daga sama yake son zafi ya sauko mishi a hankali. In kuma ƙaramar butal ɗin gaz ce ta kilo 6 mai kai a sama, bayan tukunya ta ɗau zafi ki maida wutar can ƙasa, wadda in ta ƙara raguwa mutuwa za ta yi. Mu nan da iskar hunturu sai kin sa kariya, ni tsohon kwanon rufi na jingina a lungun madafa. Kuma don Allah kar ki buɗe kafin minti 25. Na san zuciya ba ta haƙuri, ƙamshi ya tashi kina son ki leƙa, amma kina ɗaga marfi zafin ya gudu gaton ya zauna, shi ke nan ya zama kamar masa ta kwana. Bayan minti 35 zuwa 45 ki soka tsinke ko bakin wuƙa tsakiya, ya hito a bushe to ki sauke.

Awo kuma, na ga kin ce da ido kike zubawa kamar tuwo. A'a ƙanwata, tuwo shi ke yafe ma mutum, in ya yi ruwa ki ƙara gari, gato ba ya yafiya. Ba sai kin sayi sikeli ba, ki riƙe kofin yawur guda ɗaya ki auna komi da shi: yawur kofi 1, sukari kofi 2 (ni ɗaya da rabi nike sawa saboda Hajiya uwar maigida), hulawa kofi 3, mai rabin kofi, ƙwai 3, lebur na gato (garin da ke sa kwaɓi ya tashi) sashe 1 wato ƴar leda ɗaya, sukarin banil sashe 1, gishiri ɗan tsunkule. In ba ki samu yawur na kofi ba na leda da muke ce ma solani ya yi, kai ko nono mai kauri na wurin Hillani na sha yi da shi, tsaminshi ma taimakon lebur yake. Ki kula lebur iri biyu ne, na gato da na burodi, na burodin shi ne na fanke wanda ake bari ya tashi, na gato kuwa yana jin ruwa ya fara aiki, don haka kar ki kwaɓa ki aje ki tahi wankin yara. Sai tukunya ta yi zafi sannan a kwaɓa. Kuma da hulawa ta shiga ki bar bugu da ƙarfi, ki juya har ta ɓace kawai, yawan bugu shi ke sa ya yi tauri kamar roba.

Ƙwai kuwa da zafinmu na Afrilu da Mayu, kar ki yarda da kowa. Ki jefa cikin ruwa, wanda ya taso sama ki yar, kuma kowane ki fasa shi daban a ƙaramin kofi kafin ya shiga kwaɓi. Na taɓa fasa na ukun kai tsaye cikin sukari da yawur ashe bara-gurbi ne, na zubar da komi na zauna bakin ƙofa kamar in yi kuka. Da damina ƙwan zabi na araha, 4 sun tsaya ma 3 na kaza, launin gaton ma ya fi kyau.

To yanzu maganar yara da gida, wadda ni a wurina ita ce babba. Lokacin da na fara, da hantsi nike haɗa komi, ga miya a wuta, ga shinkafa, ga gato, ga yaro a baya, ƙarshe ko dai miya ta kama ko gato ya ƙone, ranar nan kuma maigida ya dawo azahar abinci bai sauka ba, ya kalli gaton ya kalle ni bai ce uffan ba, shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Daga nan na yi ma kaina doka, ba na taɓa hulawa sai cikin gida ya cika. Yanzu da dare bayan isha'i in yara sun kwanta nike tankaɗe hulawa da lebur in rufe, in shafe mul da man bur in barbaɗa gari, in aje komi wuri guda, da asuba ina sallama salla in hura gawayi, kafin yara su tashi shirin lakkol gato ya sauka, sauran garwashin in ɗumama tuwon jiya ko in dama koko. Sanyin safiya ne, ba mai kiranki, ba baƙi, ba mai cewa Mama zan sha ruwa. Ke da naki ƙanana ne ba su shiga lakkol ba, ko asubar ko barcinsu na rana, ki duba wanda ya fi miki.

Abu ɗaya da nike roƙonki, rairan nan. Yana riƙe zafi fiye da yadda kike zato, wuta ta mutu tun ɗazu amma shi yana nan kamar garwashi, kuma yaro a idonshi ƙasar wasa ce. Babbar ɗiyata tana shekara 3 na sauke tukunya tsakar gida na shiga ɗaki in juye gato, sai ihu na ji, ta cusa hannu ciki. Allah ya taƙaita, na tsoma hannun cikin ruwan randa na daɗe kafin munka tahi likita, amma tabon na nan a yatsunta biyu har yau. Tun ranar tukunyata rufe take hucewa, a bayan ƙofar madafa, an sa sakata.

Shi kuma maigida da maganar ɓarnar ƙwai, kar ki yi fushi, yana da gaskiyarshi, kuɗin cefane ne. Ki bar gwaji da babban mul. Ki raba awon gida uku, ƙwai ɗaya hulawa kofi ɗaya, ki zuba a gwangwanin sardin da kinka wanke sosai, su da yake ƙanana ne minti 20 sun nuna, in sun lalace ba a yi asarar kirki ba, in sun yi kyau ki aje mishi biyu gefen shayi ki yi shiru. Kuma ki tsaya kan wanga gato na yawur shi kaɗai har ki yi shi sau 10 a jere bai ba ki kunya ba, ki rabu da bidiyon masu kirem hawa uku da kike gani a TikTok, su suna cikin ɗaki mai sanyi, ke kina Tawa, kafin ki kai shi gidan biki kirem ya bi faranti.

Wata ta tambaya ƙasan rubutunki ko ana iya sa garin hatsi, wato gero. Ana yi, na gwada lokacin da hulawa ta yi tsada, kofi ɗaya cikin ukun kawai kuma mai laushi sosai, don hatsi ba shi da danƙon alkama, in ya yi yawa gaton marmashewa yake. Abin dariya shi ne wanda Hajiya ta fi so, ita da ke cewa gato abincin nasara ne a ba ta hurarta, yanzu duk Lahadi in ta dawo kasuwa sai ta leƙo madafa ta ce ɗiyata yau babu na hatsin nan?

Maganar saidawa ban shiga ba don ba ki kai nan ba tukuna, amma in lokacin ya zo ki saka gawayi da leda da wahalarki cikin lissafi, kuma dangin miji su biya kafin ki fasa ƙwai, na sha wuya a nan. Ki gwada na gwangwanin gobe da asuba ki turo mana hoton ƙasanshi, ba samanshi ba, daga launin zan gaya miki ko wutar ta yi yawa. Ga autan can ya motsa, bari in tahi.