Tambaya da Amsa: Yaushe Zan Ga Mai Ba da Shawara Kan Aiki?

Tambaya: Ina kwas ɗin ƙwarewa na gaba da digiri, na wata 12. Akwai mai ba ɗalibai shawara kan aiki. Sai na kammala zan je wurinsa?

Amsa: A'a, malam, je ka tun watan farko. Masu jira sai an kusa gamawa sukan tarar an cike guraben horon aiki.

Kafin zaman, nemo tallan guraben aiki 3 irin wanda kake hari, ka ja layi ƙarƙashin duk ƙwarewar da ta maimaitu. Haɗa da takardar tarihin karatunka da aikinka, kada ta wuce shafi 2. Da su zai nuna maka giɓinka, ku zaɓi darussa da batun binciken da za su cike shi. A takardar tarihin, kada ka rubuta "na kula da ma'aikata" kawai. Su nawa? Me ya gyaru a hannunka?

Shi dai ba ya raba aiki, kada ka sa rai. Neman ƙarin lokacin miƙa aikin kwas kuwa, ba wurinsa za ka je ba, ofishin da ke kula da hakan a makarantarku za ka rubuta wa kafin wa'adi ya cika. In ya wuce, da wuya a ƙara maka kwana.