Abin da ke sa ƙidayar Timer1 tsalle a laburarenka

Malam, ka nemi a duba laburaren da ka rubuta wa Timer1, ma'aunin lokaci na allon Arduino Uno, saboda ƙidayar milisakan tana yin tsalle jefi-jefi ba gaira ba dalili. Saitinka lafiya lau yake: agogon 16 MHz, rabawa da 64, OCR1A (rajistar da ake kwatanta Timer1 da ita) a kan 249 cikin yanayin CTC (inda Timer1 ke komawa sifili bayan ya kai wannan adadi), katsewa (interrupt, dakatar da babban aiki don gudanar da wani ɗan aiki) za ta zo duk milisakan ɗaya cif. Matsalar tana wajen karanta ƙidayar. Maganin shi ne ka sa mata volatile (alamar cewa tana iya canzawa a kowane lokaci), sannan a aikin da ke dawo da ita ka kwafe ta cikin ATOMIC_BLOCK (sashen da ake rufe katsewa a cikinsa), ka mayar da kwafin.

Dalili shi ne ATmega328P, ƙwaƙwalwar Arduino Uno, mai bit 8 ne, ƙidayarka kuwa uint32_t ce, bayit 4, kuma ɗaya bayan ɗaya yake ɗaukarsu. A ce tana kan 255, ya ɗauki bayit na ƙasa, sai katsewa ta faɗo ta mayar da ita 256. Na biyun da zai ɗauka ya riga ya zama 1, sai ka tashi da 511. Na sha ganin wannan ya wahalar da mutane, domin na'urar takan daɗe tana aiki kafin ya bayyana, volatile kaɗai kuma ba ya maganinsa. Sharaɗi ɗaya: ka yi amfani da ATOMIC_RESTORESTATE, wanda ke mayar da katsewa yadda ya same ta, kada ka kammala da sei(), umarnin buɗe katsewa, kai tsaye. Laburare ne, wani zai iya kiran aikin daga cikin ISR ɗinsa (aikin da ke gudana idan katsewa ta zo), sai ka buɗe masa katsewa a inda ya dogara cewa a rufe take.