Amsa: Har yanzu ana ɗaukar injiniyan cikin jirgi?

Alhaji, ka ce yaronka na unguwar Nima a Accra yana son zama injiniyan da ke tashi tare da matuƙa, kana tambayar aikin da albashinsa. Gaskiya kujerar nan ta kusa ɓacewa. A jirgin DC-10 na tsohon Ghana Airways, shi ne mutum na uku: yana zaune bayan matuƙan, ya juya gefe yana fuskantar allon agoguna da maɓallai, idonsa a kan mai, wutar lantarki, injuna da iskar da fasinjoji ke shaƙa. Albashinsa bai kai na kyaftin ba. Jiragen baya-bayan nan kuwa, irin Boeing 747-400 da ya fara aiki a 1989, kwamfuta ce ta karɓe aikin. Don Allah ka karkata shi ga gyaran jirgi a ƙasa, ya nemi lasisin GCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Ghana. Aikin gyaran yana nan a filin jirgin sama na Accra.