Amsa ga Yaya kan dabbar da ke datse rafi

Yaya, na ji maganar da ka yi bayan ka ga hoton ƴarka tsaye cikin laka da dogon takalmin roba, wai tun da ta auri Bature mun zuba mata ido ta koma kiwon gafiya. Maganar ta sosa mini rai, shi ya sa na zauna in yi maka bayani.

Ba gafiya ba ce. Dabbar ruwa ce da ake kira biba, mai faffaɗar wutsiya, wadda ba ta cin kifi sai ɓawon itace da ganye. Da haƙoranta take kayar da itatuwa, ta haɗa rassan da laka ta datse rafi. Mafarauta sun ƙarar da ita a Ingila kimanin shekara 400 da suka wuce, a watan Oktoban 2023 kuma aka saki guda biyar a Paradise Fields da ke Greenford, nan yammacin Landan, inda ƴarka ke aikin sa kai. Madatsar da dabbar ke ginawa ba ta riƙe ruwa gaba ɗaya. Tana tsiyayar da shi ne a hankali, don haka idan aka yi ruwa mai ƙarfi ba ya afka wa gidaje lokaci guda, idan kuma aka yi fari ƙasa ba ta bushewa.

Ranar da ta kai ni wurin, na ga kututture an fiƙe shi kamar fensir, kwaɗi na ta kuka, sai fadamar Baba ta Haɗeja ta faɗo mini a rai. Ka fi ni tuna yadda yake kokawa cewa tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974 ruwan da ke malalowa ya ragu, shinkafa da kifi suka ja baya. Jikarsa ce yau take kwana tana tashi da tunanin yadda za a mayar wa ƙasa danshinta.

Batun mijin kuwa, ya musulunta kafin a ɗaura aure, ni na zama waliyyi, an biya sadaki a gaban shaidu, kuma ƴaƴansu da Hausa suke gaishe ni suna durƙusawa. Abin da ke damuna shi ne ku a gida hoto ɗaya ya ishe ku yanke mana hukunci, alhali ba wanda ya kira ya tambaye ta abin da take yi a cikin lakar.