Fitar da inji haɗe da giyabos: a ina zan ɗaura sarƙa?

Tambaya: Assalamu alaikum Oga. Zan fitar da injin tsohuwar Hilux ɗina haɗe da giyabos. Na aro cen-bulok (abin ɗaga kaya mai nauyi da ake ja da sarƙa) mai tan 2, amma kunnen ɗaga inji na baya ya ɓace. Wani ya ce in zagaya bel ɗin kujera a manifol (bututan iska da ke manne a gefen inji) kawai, tunda cen-bulok ɗin babba ne. Tsorona kada injin ya faɗo wa yaron da ke taya ni. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tsoronka da hujja, kuma ka rabu da mai shawarar bel.

Wannan magana ta "ai cen-bulok ɗin tan 2 ne" kullum sai na ji ta, har ta ishe ni. Lambar da ke jikin cen-bulok ƙarfinsa shi kaɗai take faɗa. Ba ruwanta da sarƙarka, ko notin da ka ɗaure, ko reshen darbejiyar da wasu ke ratayawa a kai. Injinka da giyabos sun haura kilo 200, kuma nauyin nan duka yana komawa ne kan noti biyu. A nan ake samun matsala, ba a cen-bulok ba. Manifol na alminiyam ba a yi shi don ɗaukar kaya ba, kuma ba ya lanƙwasa ya ba ka gargaɗi, tsagewa yake yi farat ɗaya. Bel kuwa, wanda rana ta gama cinyewa, gefen ƙarfe mai kaifi na yanka shi yana lilo. Sai ka ji makanike na cewa ya shekara ashirin yana yi haka bai taɓa faɗuwa ba. To, sa'a ce yake ci, da ƙafar yaran mutane. Hatta kuren ɗaga inji mai taya da aka rubuta wa tan 2, idan ka zaro hannunsa har ƙarshe rabin tan yake ɗauka. Duba jikin hannun, a rubuce yake.

Ka nemo kunnen a wurin masu tsofaffin kayan mota, ba shi da tsada. In bai samu ba, yi amfani da rami mai kauri a jikin bulok (gangar jikin inji) ko silinda-hed (kan inji), ɗaya a gaba, ɗaya a baya ta ɗaya gefen. Notin ya zama mai lamba 8.8 ko 10.9 a kansa, da wosha mai faɗi don kada sarƙa ta zame. Ya shiga ciki aƙalla ninki ɗaya da rabi na kaurinsa, a alminiyam kuwa ninki biyu, a ɗaure shi tam har sarƙar ta manne. Noti mai sako-sako lanƙwashewa yake.

Kada ka gajarta sarƙa har ta kusa kwanciya. Idan ta kwanta har saura digiri 30 ta miƙe a kwance, kowane ɓangare yana jan nauyin injin gaba ɗaya maimakon rabi.

Giyabos zai rinjayi baya, saboda haka ka matsar da ƙugiya baya kaɗan, ka tokare wutsiyarsa da jak kafin ka kwance ƙarfen da ke riƙe da shi. Cire batir, lagireto da furofela (sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyi), ka zubar da man giya. Ɗaga injin kamar yatsa biyu, ka tsaya ka duba wayar as (wadda ta haɗa inji da bodi) da tiyon mai, don su aka fi mantawa. Yaron ya riƙe injin da igiya daga gefe, kada ya sa hannu tsakanin inji da bodi.