Ganyen Gora Da Takin Yuriya: Amsa Ga Mai Kiwo Daga Tudun Wada

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina da shanu 4 da tumaki 11 a ƙauyenmu kusa da Tudun Wada ta jihar Kano. Bara harawa ta fi ƙarfin aljihuna da bazara, dabbobin suka rame. Akwai gora a bakin rafinmu, ina so in binne ganyenta in ajiye musu. Wani mai sayar da magani a kasuwa ya ce in zuba takin yuriya sosai, wai shi ke sa ƙiba. Maƙwabcina ya gwada, tumakinsa biyu suka mutu rana ɗaya. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malam. Allah Ya mayar wa maƙwabcinka da alheri. Tsoron nan naka yana kan hanya.

Ganyen gora abinci ne, kuma furotin ɗinsa ya fi na karan dawa da tattaka nesa ba kusa ba. Matsalarsa kaushi da rashin zaƙi, alhali sailej, wato ɗanyen ganyen da ake binnewa a rami ya yi tsami don ajiya, ba ya kamawa sai ƙwayoyin da ke tsamar da shi sun sami sukari. Don haka ka tsinko ganyen tun yana kore, ka sassara shi ƙanana, ya sha iska har ya zama in ka matse ba ya ɗigar da ruwa. Kowane kilo 100 ka yayyafa masa kilo 3 zuwa 5 na molas, wato baƙin ruwan rake mai kauri da ke saura bayan an yi sukari. In babu, jiƙa mazarƙwaila, ka haɗa da dusar masara. A shimfiɗa leda a cikin rami, a zuba ganyen, a tattake sosai, a rufe ruf, kada a buɗe kafin sati uku. Ka guji tsiron gora mai fitowa daga ƙasa, gubarsa dangin ta gyauron dawa ce.

Sai maganar yuriya, wadda na gaji da ji. Kusan kullum sai an zo mini da ita, kuma galibi bayan an yi asara. Yuriya ba ta da ƙarfin abinci ko kaɗan. Da ta shiga tumbi takan rikiɗe ta zama amoniya, idan ta yi yawa ta wuce cikin jini hanta ta kasa tacewa. Cikin rabin awa za ka ga dabba tana dalalar da yawu, tana karkarwa da tangaɗi, ciki ya kumbura, ta faɗi. Ragon da bai saba ba, cokalin cin abinci ɗaya na iya kayar da shi. Shi mai cewa “zuba sosai”, ya taɓa auna nauyin tunkiya? Ya ji an ce ana gyara bambaron shinkafa da yuriya, sai ya riƙe rabin zancen yana yawo da shi kasuwa-kasuwa. Wancan aiki ne na awo: kilo 4 a narke cikin ruwa, ga kilo 100 na busasshen bambaro, a rufe makonni, a buɗe ya sha iska kafin a bai wa dabba. Busasshen bambaro ne ke da ƙarancin furotin. Ganyen gora zaƙi yake nema, kuma yuriya tana kashe tsamin da ke hana sailej ruɓewa. Ka ga an sayi taki da tsada, an ɓata rami, an kashe tunkiya.

Idan tsautsayi ya riga ya faru, a ɗura wa tunkiya rabin lita na ruwan khal da ruwan sanyi a hankali, kada ta shaƙe, a nemo likitan dabbobi nan take.

Ran da ka buɗe ramin, ka shinshina. Ƙamshin tsami irin na kunun tsamiya shi ake so. Duk inda ya yi baƙi, ko fumfuna, ko wari, ka zubar, ko da kana jin ciwon wahalarka. Ka fara ba su kaɗan-kaɗan tare da 'yar harawa har sati guda. Kuma don Allah Malam, ka faɗa wa mutanen garinku abin da ya kashe tumakin nan, ko a ƙofar masallaci ne, tun kafin wani ya sake ɗaukar buhun taki ya nufi garke.